Nomau da Katin da Ya Ƙi Zama

A ƙauyen Kwarin Dinya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Gidansu yana ƙarshen gari, ta wajen rijiya, kuma mutum uku ne a cikinsa: shi, da matarsa Lantana mai suyar awara, da mahaifinsa Baba Shekarau, wanda ya yi shekaru yana buga tafireta a wata kwalejin horon malamai kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Nomau ba malalaci ba ne, ba kuma mai gardama ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa ce masa ya shuka masara layi miƙe kada ya karkace, sai ya shuka ta har ƙarshen gona, ya ƙetare hanyar kasuwa, aka same shi a tsakar gidan maƙwabci yana tona rami a gindin murhu. Mutanen gari suna yi masa dariya, ni ma da nake ba ku labarin na yi tawa, amma ban taɓa jin ya ce wani aiki ya fi ƙarfinsa ba.

A ɗakin Baba Shekarau akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, wadda da fara ce, tsufa ya mai da ita ruwan ƙasa. A gwanjo ya saye ta lokacin da kwalejin ta sauya injuna. A cikinta ya ɗauki muryar matarsa, Inna Yelwa, tun tana raye: tana waƙar niƙa, tana tatsuniya, tana faɗa da kaji. Bayan rasuwarta, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kunna ya zauna yana saurare. Ido ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi, muryar nan ce kaɗai ta rage masa. Sai kwamfutar ta fara gajiya. Muryar ta riƙa tsinkewa, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya, kuma tun daga ranar tsohon ya rage cin abinci.

'Yarsa Hansatu, ƙanwar Nomau, injiniyar kwamfuta ce a Fatakwal, ga ta da tsohon ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ta ce ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙare, abin da masu gyara ke kira furosesa. Faifan da muryar ke ciki kuma ya tsufa ƙwarai, in aka ɗora shi a mota ya sha gargadar hanya ba zai kai ba. Ta yi ta cigiya har ta samo wani kati mai ɗauke da ƙwaƙwalwa wadda ta fi tsohuwar ƙarfi, ta ba direba ya kawo, ta ce za ta riƙa faɗa wa yayanta abin yi ta waya. Duk wanda ya ji wannan shiri a garin sai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya yana ɓoye murmushi. Nomau kuwa ya naɗe hannun riga, ya ce ko me za a yi sai Baba ya sake jin muryar Inna.

Wata rana, washegarin zuwan katin, Hansatu ta kira ta yi masa bayani cewa jikin mai rai yana tara wata 'yar wuta da ba a gani, wadda ke iya kashe kati, don haka duk wanda zai zo kusa da shi ya fara taɓa ƙarfe. Nomau ya ce ya ji. Ya cire ruwan garma ya rataye a ƙofar ɗaki, ya ɗauko kujera ya zauna gadi. Lantana ta zo da kokon Baba, sai da ta taɓa garma. Liman ya zo duba mara lafiya, ya yi sallama zai shiga, Nomau ya tare ƙofa da hannu biyu.

“Allah gafarta Malam, a taɓa garma tukuna.”

Liman ya dube shi, ya dubi garmar, ya ga ba wasa a fuskarsa, ya taɓa ya wuce yana girgiza kai. Kyanwar gidan ce kawai ta ƙi bin doka. Nomau ya bi ta har bayan rumbu ya kamo ta, ya manna tafinta a jikin garma, ita kuma ta bar masa shaida a kumatu. Bayan duk wannan ya buɗe cikin kwamfutar, ya zare tsohon kati, ya cusa sabon a raminsa yadda aka kwatanta masa, ya kunna. Fanka ta juya, injin ya yi wani siririn kuka, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Wata rana sabis ɗin waya ya ɗauke a gidan, don a Kwarin Dinya sabis sai ya ga dama yake zuwa. Kafin maganar ta yanke, Hansatu ta ce masa kukan injin yana da ma'ana, ya riƙe shi daidai yadda aka yi shi, ya hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ya kira ta ya maimaita mata. Nomau ya kunna, ya kasa kunne, ya ɗauki kukan a bakinsa. Don kada ya ɓace masa, sai ya fito yana yin sa a hanya, dogo sannan gajeru, dogo sannan gajeru. Matan da ke bakin rijiya suka gaishe shi, ya amsa musu da kukan kwamfuta. Mai shayi ya tambaye shi jikin Baba, shi ma abin da ya samu ke nan. Kafin ya kai bakin kasuwa labari ya riga shi cewa iskar injin ta shige shi. Wata tsohuwa mai magani, Tabawa, ta fito da kaskon wuta, ƙarti suka danne shi, aka lulluɓe shi da zane aka banka masa hayaƙi. Bai yi kokawa ba, bai kuma yi bayani ba, don buɗe baki da magana zai zubar da abin da ya ɗauko. Da suka sake shi ya hau tudun, ya kira ƙanwarsa, ya zuba mata kukan haɗe da tari da atishawa. Hansatu ta ce tun da take karatu ba ta taɓa jin injin da ya yi irin wannan kuka ba. Nomau bai yi fushi ba. Ya gangaro gida, ya sake kunnawa, ya sake ɗauko kukan, wannan karon Lantana tana gabansa riƙe da muciya tana buɗe masa hanya. Da Hansatu ta ji kukan tsaf, sai ta ce injin yana cewa ne bai san an sa masa kati ba, wataƙila haƙoran katin ba sa taɓa inda ya kamata.

Wata rana ta ce masa ya samo kilina, abin goge rubutu irin na 'yan makaranta, ya goge haƙoran katin har su yi sheƙi, sannan ya share ƙura, kada ya bar ko ɗigonta a kusa da injin, kuma kada ruwa ya taɓa wurin. Gogewar ta tafi lafiya, haƙora suka yi fes. Ƙurar ce ta zama aiki. Ya hure cikin injin, ya kakkaɓe tebur, sannan ya dubi ƙasa ya ga ita ma tana kusa da injin. Ɗakin Baba kuwa daɓen ƙasa ne, wanda ya daɗe da farfashewa. Ya share, ya duƙa ya shafa yatsa, ya ga ƙura. Ya sake sharewa, ya sake shafawa, ga ta nan dai. Tsintsiya ta ƙare ya koma fartanya. Hansatu ba ta faɗa masa inda ƙura take ƙarewa ba, shi kuma ya ƙudurta sai ya ga ƙarshenta. Da la'asar Lantana ta shigo da tire a hannu, ta taka inda ta saba takawa, sai ta tsinci kanta a rami har gwiwa, awara ta watse. Abin da ta faɗa masa a ranar ba zan maimaita shi a nan ba. Shi dai ya taimaka mata ta fito, ya roƙe ta ta daina buga zane don tana tayar masa da ƙura. Aka kunna injin, ya yi kukansa na jiya, bai sauya ko kaɗan ba.

Wata rana Hansatu ta ce to, za a bi abin a hankali, yadda masu gyara suke yi in sun rasa mai laifi. A fitar da komai, a bar injin da katin kawai, sannan a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa bayan kowane, har a kama wanda ke hana shi tashi. Ita kayan cikin injin take nufi. Nomau ya fara da su, ya gama, sannan ya dubi ɗakin ya ga ai komai bai fita ba. Ya fitar da tabarma, da buta, da akwatin littattafai, da agogon bango, da takalman Baba. Daga ƙarshe ya kira maƙwabci suka ciccibi gadon da tsohon a kai, suka ajiye a inuwar dalbejiya. Daga nan aka shiga shari'a. Ya shigar da buta, ya kunna, ya kashe, ya fito ya sanar cewa buta ba ta da laifi. Ya shigar da takalmi ƙafa ɗaya, ya kunna, ya kashe, ya dawo ya ɗauki ɗayar. Rana ta yi tsaka, inuwa ta gudu ta bar gadon, tsohon yana kwance yana kallon ɗansa yana kai da kawo, gumi ya jiƙa masa riga.

“Nomau, ni ma ina cikin waɗanda ake tuhuma?”

“Ba a wanke kowa ba tukuna, Baba.”

Tsohon ya yi dariya, dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba a gidan, amma ba ta daɗe ba ta koma tari. Da aka mayar da shi ɗaki aka kunna, sai ga allon ya yi haske, rubutu ya fito layi biyu, sannan komai ya daskare. Nomau ya taɓa katin ya ji shi zau da zafi. Baba Shekarau, wanda ya ɗaga kai da ya ji an ce rubutu ya fito, ya mayar da kansa kan matashi.

Wata rana, da Hansatu ta ji batun zafin, ta ce katin yana bukatar iska sosai, a tabbata yana shan iska. Nomau ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga yatsa sama, ya ji ko ganye ba ya motsi. Ya yi tunanin inda ya taɓa shan iskar da ta fi kowace a rayuwarsa, sai ya tuna bayan babur. Ya zare katin, ya ɗaure shi da zare a goshin hularsa, ya tare ɗan acaɓa ya ce ya kai shi kasuwar Laraba ya dawo da shi, kuma kada ya tausaya wa totur. Haka suka ratsa kasuwa, Nomau ya miƙe wuya kamar zakara, katin yana walƙiya a goshinsa. Mutane suka ɗauka sabuwar laya ce ta zamani, har mako na zagayowa aka ga samari biyu sun maƙala tarkacen rediyo a hulunansu. Ya dawo da katin a sanyaye, ya mayar, ya kunna. Ko layi biyun nan na jiya ba su fito ba. Da ya ba Hansatu labari, abin da kawai ta ce masa shi ne sai da safe.

Daga nan kwanaki suka yi nauyi a gidan. Baba Shekarau ya daina tambayar yadda aka kwana da gyara, kuma wannan ya fi damun su a kan tambayar. Koko yana zuwa yana komawa yadda ya zo. Lantana ta daina faɗa, ta daina suya. Maƙwabta da suke leƙowa don su sha dariya suka koma leƙowa suna sannu a hankali. Nomau kaɗai ne bai sauya ba. Kullum da safe yana zaune a gaban injin, waya a cinya, yana jiran abin da za a ce ya yi.

Wata rana da hantsi sabis ya shigo har ɗaki, Hansatu ta kira, muryarta a dushe, da ji ta sha kuka. Ta ce ta yi tunani har ta gaji, abu ɗaya ya rage mata. Ramin da katin ke zama a ciki ya tsufa, mai yiwuwa bakinsa ya saki, shi ya sa katin ba ya zama daram. In ba wannan ba ne, to ita ta kai iyakarta. Tana so ne kawai a gwada na ɗan lokaci, ta ji ko allon zai yi haske.

“Yaya, ka sa babban yatsanka a saman katin ka danna shi ƙasa da ƙarfi, Lantana ta kunna. Kada ka saki sai na ce ka saki.”

Nomau ya danna, Lantana ta kunna, a daidai nan sabis ya yi tafiyarsa. Injin ya yi kuka ɗaya gajere, irin wanda bai yi ba tun zuwan katin. Rubutu ya fito, ya wuce, wani ya fito, allon ya buɗe kamar yadda yake yi a da. Lantana ta rasa abin da za ta taɓa. Baba Shekarau ya ce a tashe shi zaune. Ta jawo kujera ta tallafe shi har gaban tebur, ya laluba madannai da yatsunsa, idonsa a rufe, ya buga abin da ya saba bugawa duk Juma'a. Sai ga ƙarar dutsen niƙa ta cika ɗakin, sannan muryar Inna Yelwa ta biyo baya, ras, ba tsinkewa.

Tsohon ya dafa teburin da hannu biyu, hawaye yana bin gemunsa. Lantana ta yi dabara ta danna wurin ɗaukar murya a waya, ta jingina ta da lasifikar, don ta san irin wannan sa'a ba ta zuwa sau biyu. Nomau yana duƙe a gefe, hannunsa a cikin injin, kuma katin ya fara abin da ya saba. Da farko ɗumi ne, daga nan zafi, daga nan ya zama kamar an ɗora yatsa a kan kaskon awara. Gumi ya keto masa, kafaɗarsa ta fara rawa. Lantana ta lura, ta raɗa masa cewa ya ɗan ɗaga ta soka kara a wurin ya riƙe katin. Ya girgiza kai, ya ce yatsa aka ce, ba kara ba. Ta ce to ya sauya hannu, ya ce sauya hannu ai saki ne. Waƙar niƙa ta ƙare, tatsuniya ta shiga, tatsuniya ta ƙare, wata ta shiga. Maƙwabta suka taru a ƙofa, mata suna share ido da bakin mayafi, shi kuwa ya cije leɓe yana kallon ƙasa.

Can wajen ƙarshe aka zo wani wuri da Inna Yelwa ta katse tatsuniyarta. Da ma ranar da aka ɗauki muryar Nomau yana tsakar gida yana faskare, har ana jiyo saran gatarinsa daga nesa. Sai muryar ta ɗaga, kamar tana tsaye a bakin ƙofa:

“Nomau, bar aikin nan haka, ka zo ka ci abinci. Ka wahala, ɗan nan.”

Duk ɗakin aka juya aka dube shi. Kowa ya san tun da aka haife shi bai taɓa jin umarnin uwarsa ya tsaya ba. Na rantse na ga hannun nan ya motsa. Sai ya runtse ido, hawaye ya zubo masa, ya ƙara danna katin.

“Inna, ki yi haƙuri. Hansatu ba ta ce in saki ba.”

Haka ya riƙe har muryar ta kai ƙarshenta, ɗakin ya yi tsit. Lantana ta duba wayar ta ga komai ya shiga, ta ce masa an gama, ya saki. Ya ce ba ita ce za ta faɗa ba. Ta zari mayafi ta ruga tudun bayan gari, ta kira Hansatu, ta ɗauko muryarta a wayar, ta dawo tana haki ta kara masa a kunne. Ana kiran azahar ya ji ƙanwarsa tana cewa cikin kuka, “Yaya, ka saki, don Allah ka saki.” Ya ɗaga yatsan. Nan take allon ya mutu, wani ɗan ƙauri ya tashi, kuma daga ranar kwamfutar ba ta sake tashi ba, duk da an danna ta ta kowace fuska. Daga baya Hansatu ta ce da ya ɗaga yatsan nan ko na ƙiftawar ido, da muryar ta tafi tare da injin.

Yatsan ya yi bororo, ya tashi fari sol. Baba Shekarau ya ce a miƙo masa hannun. Ya riƙe shi a tafinsa ya daɗe, yana hura masa iska a hankali yadda ake yi wa yaro. Sannan ya juya wajen surukarsa.

“Lantana, kawo mana abinci. Kin ji uwarsa ta ce ya zo ya ci.”

Ta kawo tuwo a kwano ɗaya. Da yake hannun Nomau ba ya iya yankar loma, tsohon ne ya riƙa yanka, ya ba ɗansa ɗaya, ya kai ɗaya bakinsa, har suka ga ƙasan kwanon.